Shekarar da Na Aro Uwar Maƙera

Wannan babin shi ne na fi jinkirta rubutawa, alhali saboda shi na ɗauki biro tun farko. Labarin tafiyata makaranta, da auren innarku, da ginin gidan nan na Birnin Kebbi, ko ban rubuta ba wani zai iya gaya muku daidai. Wannan kuwa an riga an gaya muku shi a karkace. Kun tashi kuna jin ana cewa ubanku Arzika ya ɗauko uwar maƙerar gidan kakanku daga Argungu ya sayar, ya mayar wa danginsa wani guntun ƙarfe mai fenti. Ban taɓa zaunar da ku na ƙaryata ba, kuma ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai duk lokacin da aka ambaci maƙera a gabanku. To ku ɗaga kanku. Ƙarya ce, kashin kaji ne aka shafa mini, kuma yau zan gaya muku yadda abin ya faru tun daga tushe.

Tunda a gidan malamin makaranta kuka tashi, sai na yi muku ɗan bayani. Uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da maƙeri ke ɗora jan ƙarfe a kansa ya buga. Tamu ba wata babba ba ce, ba ta kai rabin turmi ba, baƙa wuluk, an kafa gindinta cikin kututturen ƙirya. Abin da ya raba ta da na sauran maƙeran yanzu shi ne ba daga tsohuwar mota ko hanyar jirgi aka yanko ta ba. Da tama aka yi ta, wato dutsen ƙarfe da kakanninmu suka haƙo da hannunsu suka narkar. A gefe guda na fuskarta akwai wani ɗan loko da bugun masaɓa, wato gudumar maƙeri, ya ci a hankali tun zamanin kakan kakana, a cikinsa ake lanƙwasa lauje. Manoman shinkafa na fadama, har na Augie, da wannan lanƙwasar suke gane laujen gidanmu. A gidanmu ba a zama a kanta, ba a ƙetare ta, kuma ba mai cire ta daga kututturenta sai babban gida, shi ma sai in itacen ya ruɓe, kuma shi kaɗai a rumfa. Bayan rasuwar Baba babban gida shi ne baffanku Nomau, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Ni dai har na yi furfura ban taɓa ganin gindin uwar maƙerar nan ba.

Shi Nomau ya zauna gaban wuta, ni boko ya ɗauke ni. Na zama malamin ƙere-ƙeren ƙarfe a wata sakandare nan Birnin Kebbi, wadda ba zan kama sunanta ba don akwai mutanen kirki a cikinta har gobe. Shekara da shekaru ina ƙira da alli. Ɗakin aikin makarantar a kulle yake, injinan ciki sun mutu tun kafin in zo, ƙadangaru ke sarauta a kansu. Sai in zana uwar maƙerar Turawa mai ƙaho a allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawa ba tare da hannunsu ya taɓa yin baƙi ba. Ɗan maƙeri, jikan maƙeri, yana goge farin alli a riga. Abin yana ci mini rai amma na saba. Ranar da sabon ya ƙare ita ce ranar da na tambayi aji, kawai don in tayar da masu gyangyaɗi, wa ya kawo ƙarfe ƙasar nan. Wani yaro mai suna Sahabi, ɗan wani manomin albasa daga Augie, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin, ya miƙe ya ce Nasara. Na jira a yi masa dariya, ba wanda ya yi. Duk suka gyaɗa kai. Na tambaye shi to kafin Nasara da me kakansa yake noman albasa, da farce? Sai a nan suka yi dariya, ni kuwa raina ya riga ya ɓaci, kuma ba da yaron nake fushi ba. A ƙasar Kabi, inda ba gidan da ba lauje a rataye, ɗiyanmu suna ganin har ƙusa sai da aka zo aka koya mana.

A makon na sami shugaban makarantar na ce ya ba ni fili bayan kicin in kafa rumfa. Mutum ne mai son a ce makarantarsa ta yi abin da wasu ba su yi ba, nan take ya yarda. Na nemo fatar akuya na ɗinka zugazugi, abin hura wuta. Na samo awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da masaɓu ƙanana daidai hannun yara, da guntun ƙarfen hanyar jirgi da za su riƙa bugu a kai. Amma wannan duk ba zai amsa maganar Sahabi ba, don ƙarfen jirgi ai na Nasaran ne. Ina son in sa hannun yaran nan a kan ƙarfen da aka haifa a ƙasarsu. Shi ya sa na hau mota na tafi Argungu. An gama yankan shinkafar damina, aikin lauje ya yi sauƙi, na tarar da Nomau yana gyaran wata garma a kan sabon ƙarfen da yake aikin yau da kullum da shi. Na gaishe shi, na karɓi zuga daga hannunsa na hura masa kamar yadda nake yi muna yara, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

"Ɗiyan wa za ka koya ma ƙira? Ɗiyan masunta da ɗiyan ma'aikata? Mi yah haɗa su da wuta?"

Na ce masa nasa ɗiyan fa, Bube yana kabu-kabu a Birnin Kebbi, ƙanensa yana cajin waya a bakin tasha, ga shi shi Nomau da furfura shi ke zuga shi ke bugu. In ba a koya wa ɗiyan wasu ba, wa za a koya wa? Maganar ta yi masa zafi, na gani a wuyansa. Na kuma tuna masa cewa da aka raba gadon Baba ba a raba uwar maƙera ba, don haka da hakkina a cikinta. Ya daɗe yana bugun garmar da ta riga ta miƙe, sannan ya ajiye masaɓa.

"Aro na ba ka, ba kyauta ba. Kak a zamna bisanta, kak a ƙetare ta, kak a hid da ta ga itacenta. In shinkahwar rani ta hwara nuna, in gan ta nan."

Muka haƙe kututturen gaba ɗaya da uwar maƙerar a jikinsa, muka naɗe da buhu, a-kori-kura ta kawo mu Birnin Kebbi ina zaune a baya ina rungume da ita.

Wannan zangon karatun shi ne mafi daɗin aikina duka, kuma ba zan bari abin da ya biyo baya ya ƙwace mini shi ba. Ranar farko ban kunna wuta ba. Na tsayar da yaran suka kewaye ta, na gaya musu dokokinta, kowa ya shafa lokon lauje da yatsa. Na fara musu daga annabin da Allah Ya tausasa wa ƙarfe, wanda duk maƙeri ke jingina sana'arsa gare shi. Na gaya musu yadda kakanninmu suke shiga daji su haƙo tama, su gina murhun laka mai kama da ƙaramin rumbu, su jera gawayi da tama bisa juna, a yi ta zuga ana karɓeɓeniya har ƙarfe ya dunƙule a ƙasa ya bar kashinsa. Na ce musu sarakunan Kabi na da can, ba da sanda suka tsare ƙasar nan ba, kuma manomi da masunci da mahauci da wanzami duk sai sun bi ta rumfar maƙeri kafin su kama aikinsu. Na gaya musu akwai maƙeran baƙi irinmu, akwai maƙeran fari masu awarwaro da zobe. Na gaya musu a da manomi ba ya ciniki da maƙerinsa, gyara ake yi masa duk shekara, in kaka ta yi ya kawo dami. Sahabi ya ce ashe shi ya sa kakarsa take aika buhun albasa wani gida duk shekara ba wanda ya san dalili.

Daga nan muka shiga aiki, kuma na bi da su yadda aka bi da ni. Ba wanda ya taɓa masaɓa sai da ya iya zuga, hannun dama ya sauka na hagu ya tashi, iska kada ta yanke. Sai sanin launi: in ƙarfe ya yi ja mai duhu bai nuna ba, in ya yi kamar cikin gwanda lokacin bugu ya yi, in ya fara tartsatsi fari an ƙona shi. Sai riƙon awartaki, sai bugun da ake yi daga kafaɗa ba daga wuyan hannu ba, sai yadda ake tsoma bakin wuƙa a ruwa a cire kafin ya yi tauri ya karye. Shugaba ya ce 'yan mata kallo kawai za su yi. Ban yi musu da shi ba, ban kuma hana su ba, kafin a jima su suka fi kowa iya zuga, don sun saba da daka. Suka fara da ƙusa karkatacciya, suka kai ga basilla, suka kai ga ƙugiyar kifi. An ƙona yatsu, an ƙona gefen hijabi, wani uba ma'aikaci ya zo har rumfa da takalmi mai sheƙi ya ce bai kawo ɗansa makaranta don ya zama maƙeri ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, a yadda ɗan nasa ke riƙon masaɓa ba wannan haɗarin. A kan uwar maƙera kuwa ni kaɗai nake bugu, in nuna musu lanƙwasar lauje, sai Sahabi da na bari ya gwada sau ɗaya da ya nuna hannunsa ya faɗa.

Akwai maigadin makarantar, wani Buzu mai suna Agali. Kun san wasan da ke tsakanin Buzaye da maƙera. Tun da ya ga hayaƙi ya gane ko ni wane ne, ya daina ce mini Malam, sai bawana. Kullum da safe zai tare ni a ƙofa ya ce bawa ya makara, ina wuƙar ubangidansa. Ni kuma in ce ya cire rawanin nan mu ga ko akwai kai a ciki. Rumfar ba ƙofa, shi ke sa mata ido in na tashi.

Ana gab da hutu, shinkafar rani ta fara ɗaukar launi a fadamar Zauro, na riga na yi magana da mai a-kori-kura, sai aka ce manyan baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi su ga rumfar da ake ta labari. A daidai lokacin aka tura ni bita Sakkwato na 'yan kwanaki. Na ce wa shugaba kada a taɓa komai sai na dawo, shara kawai za a yi. Ya ce to. Na dawo da safiyar ranar da baƙin za su zo, na iske Agali a ƙofa ya miƙe tsaye ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Daga jin Malam a bakinsa na san ba lafiya. Ya ce ya hana, an ce masa aikinsa ƙofa ce.

Na isa rumfa na tarar an shafe ta da farar ƙasa, an jera tukwanen fulawa. A tsakiya ga wani abu yana ƙyalli kamar sabon kwanon sha. Ashe bayan tafiyata shugaba ya sa an kira mai walda daga bakin kasuwa. Ya fasa kututturen da gatari ya ciro ta, masu dafa abinci suka kwashe ƙiryar suka hura wuta da ita. Ya ga fuskarta ba a miƙe take ba, ya sa injin gurza ya share lokon lauje, ya mayar da ita sumul. Don ta tsaya, ya liƙe gindinta da walda a kan tsohon ƙarfen ƙafar mota, ya kwara mata ruwa tana da zafi, sannan aka bi ta da fentin azurfa har gindi. Shugaba ya taho yana murmushi yana gyara babbar riga.

"Malam Arzika, ka ga aikin da munka yi ma? Yanzu ta yi kama da kayan makaranta."

Na ce, "Yallaɓai, wa yab ba ka ita?"

Bai gane tambayar ba. Har ya bar makarantar bai gane ba, shi a ganinsa alheri ya yi mini na rena. Na ɗauki masaɓa na ɗan buga fuskarta. A da in an taɓa ta sai ƙararta ta kai bakin titi. Ranar sai ta ce ƙwaf, kamar an bugi fasasshiyar tukunya, don ruwan sanyin ya tsaga ta a ciki. Abin da masaɓun gidanmu suka yi zamani bayan zamani suna ci, mutum ɗaya ya share shi tsakanin hantsi da azahar don baƙi su ga sheƙi. Baƙin sun zo, sun yaba, sun yi hoto da ita, ɗaya ma ya ɗora ƙafarsa a kai yana ɗaure takalmi. Ban yi jawabin da aka shirya in yi ba. Na tsaya a bayan rumfa tare da yaran, Sahabi yana kuka a fili ba ya ko ɓoyewa.

Washegari na kai ta Argungu yadda take. Ban kankare fentin ba, don ba na son a ce na ɓoye wani abu. Nomau yana rumfa da dattawan maƙera biyu da manoman da suka fara kawo tsofaffin laujensu. Aka sauke ta a gabansa, na faɗi duk abin da ya faru ban rage ba. Ya tashi ya kewaye ta. Ya durƙusa ya rungume ta ya ɗan ɗaga, ya ajiye. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya dubi mutane, bai dube ni ba.

"Wagga ba tamu ba ta. Ina tamu, Arzika?"

Na rantse da Allah. Na ce a je a tambayi mai waldar, a tambayi Agali, a tambayi yara aji guda. Ya ce mai walda da Buzu da ɗiyan makaranta duk mutanena ne. Kafin la'asar magana ta gama unguwar maƙera: Arzika ya sayar wa masu sayen kayan tarihi, ya kawo wani ƙarfe ya shafa masa fenti don kada a gane. Wallahi har yau ban manta yadda matan da suka goya ni suka riƙa leƙena ta katanga ba. Da a ce laifin sakaci aka ɗora mini, da na durƙusa, don a hannuna aka ba da ita kuma a hannuna ta lalace. Amma sata? Ni da na rungumo ta a bayan mota kamar jinjiri?

Bayan kwana kaɗan aka kira ni zauren Sarkin Maƙera. Dattawa suka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe suka fito da abin da ke ransu. Sun ce ba za a ce in biya ba, ba za a ƙara tayar da maganar ba, za a rufe ta ruf, in dai na yi alkawari a gabansu na rushe rumfar makaranta kuma ba zan sake koya wa wanda ba jinin maƙera ba ƙira. A nan na gane ashe ba uwar maƙerar kaɗai ke damun su ba. Na dubi zauren, ba saurayi ko ɗaya a ciki, duk masu furfura ne da tabon wuta a hannu, ɗiyansu suna kan babura a titi. Waɗannan ne suke son in kulle ƙofa don kada sana'a ta fita, alhali ta taga ɗiyansu suka tsere suka bar ta. Na ce musu in na karɓi wannan sulhu na amsa ke nan na yi sata an yafe mini, kuma ban yi ba. Rumfa kuwa ranar Litinin zan hura wuta. Na sa takalmina na ɗauko abata, tunda sun ce ba tasu ba ce, na dawo da ita gida.

Innarku ba ta goyi bayana ba, kuma ba na ganin laifinta. Ta ce in koma in ba su haƙuri, yaran makaranta za su gama su watse, dangi kuwa su ne za su ɗauki gawata. Ta ce in tuna ina da ɗiya mace da ta kusa aure. Na ce mata Nomau ba zai kai abin can ba. Ya kai. Kun daina zuwa Argungu da Sallah, kuna tambayata dalili ina cewa mota ta yi wuya. Da auren yayarku Rabi ya zo na tafi da goro da kaina na ce wa Nomau shi ne waliyyi, kamar yadda ake yi, ɗiyar ƙane ai ta wansa ce. Ya sa aka dawo mini da goron. Ranar ɗaurin aure liman ya tambaya ina baffan yarinya, dangin ango suna kallon juna, sai maƙwabcinmu Allah Ya ji ƙansa ya matso ya ba da ita. Rabi ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi mata ba sai yanzu. Rumfar makaranta kuwa na ci gaba da ita a kan guntun ƙarfen jirgi har na yi ritaya.

Uwar maƙerar ta zauna a bayan ƙofar zauren nan da buhu a kanta, kun sha tuntuɓe da ita. Sahabi ya gama makaranta, ya ƙaro ilimi, ya buɗe maƙerarsa a hanyar Zauro, yana walda yana kuma ƙira irin ta gargajiya, manoman fadama suna layi a wurinsa lokacin yanka. Bayan na bar aiki ya zo ya ce in ba shi ita ya yanke ƙafar motar nan, ya samo ƙirya a kafa ta, ko ba ta ƙara ai za ta yi aikin lauje, kuma yaran da yake tarawa ranar Asabar su gan ta. Na ce ya ɗauka. Ina tsaye ya yanke waldar a hankali, ya kifar da ita. A gindinta, inda walda ba ta ci ba, sai ga alamar ƙugiya an sassaƙa da kurfi, ƙarfen da ake buga alama da shi, irin wadda Baba yake sa wa a ƙotar laujensa, irin wadda Nomau ya gada yake sa wa nasa. Ni ban taɓa sanin tana nan ba. Wanda ya taɓa canja mata kututture ne kaɗai ya sani, kuma Nomau ya canja mata bayan rasuwar Baba.

Ko gida ban biya ba. Muka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa tasha, muka kama hanyar Argungu. Na iske Nomau a rumfa, wutar a mace, yanar ido ta rufe masa gani, zugazugi a rataye ɓera ya cinye gefensa. Na sa Sahabi ya ajiye ta ya fita. Na kama hannun wana zan ɗora a kan alamar, sai ya janye.

"Ƙugiya ta, bakinta na duban hagu. Ba sai ka ja hannuna ba. Tun ran da kas sauke ta na san ita ta, na ji nauyinta."

Na ce, "To don mi, Yaya?"

"In an ce sace ta anka yi, tana wani wuri da huskarta. In na ce ita ta, na yarda an aske ta ina raye, ga hannun ɗan Baba. Ban iyawa."

Na ce masa ashe ya zaɓi in zama ɓarawo. Na ambaci goron Rabi. Muryata ta tashi har Sahabi ya leƙo. Nomau bai musa ko ɗaya ba.

"Kai kana da boko, kana da wurin zuwa. Ni ita ɗai gare ni. Ka bari sai ƙasa ta ruhe idona, sannan ka hwaɗi."

Na so in ja shi zauren Sarkin Maƙera a ranar ya maimaita a gaban jama'a. Amma tsoho ne makaho a gaban matacciyar wuta, kuma shi ya koya mini zuga. Na ce masa na ji. Na riƙe wannan alkawari har ya cika, na sallaci gawarsa a sahun gaba ina jin ana raɗa a bayana. Na yi zaton ko zai gaya wa ɗansa kafin ya tafi, ko da a kunne ne. Bai gaya masa ba. Ranar addu'ar arba'in, a gaban ƙanenku, Bube ya ce baƙin cikin abin da na sayar ne ya kashe ubansa.

Na yafe wa Nomau tun kafin a sa shi a rami, don ba zan so a tsare wana gobe kiyama saboda ni ba. Amma yafiyar tsakanina da shi ce, ba ta ce in bar ku da sunan ɗiyan ɓarawo ba. Uwar maƙerar tana rumfar Sahabi, a cikin sabuwar ƙirya, fentin ya gama ɓarewa. Ba ta ƙara har yanzu, amma yara suna kewaye ta duk Asabar, ba sa zama a kanta, ba sa ƙetare ta, kuma a gefen da aka gurje loko ya fara dawowa, yatsa yana jin sa. Ku kwafi wannan babin ku kai wa Bube. Ku ce masa yanzu shi ne babban gida, shi ke da ikon cire ta daga itacenta ya duba gindinta. Ya ajiye babur ɗinsa yini ɗaya ya je ya ɗaga da hannunsa. Ni na gama ɗaukar ta ina kai wa mutane.